Uwa Ɗaya, Aikin Makaranta Guda: Galabaitar Mata Kiristoci Masu Koyar da 'Ya'yansu a Gida

A Amurka akwai yara sama da miliyan da ba sa zuwa makaranta, kuma ba gudun boko suke yi ba. A gida suke karatu, a teburin cin abinci ko a wani ɗaki da aka keɓe, doka kuma ta amince da hakan a duk jihohi 50 na ƙasar. Cibiyar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin tarayya ta kiyasta yawansu da 850,000 a 1999, zuwa 2012 sun kusa miliyan 1.8. Da annobar korona ta zo, binciken hukumar ƙidayar jama'a ya nuna cewa a cikin gidaje masu yaran da suka isa makaranta, masu bin wannan tsari sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari a ƙarshen Afrilun 2020 zuwa kashi 11.1 a farkon Oktoba. Addini na cikin manyan dalilai: a binciken gwamnati na 2016, kusan rabin iyayen sun ambaci son koyar da addini, wajen kashi biyu cikin uku kuma sun ambaci tarbiyya. Abin da alƙaluman ba sa fitarwa fili shi ne, a mafi yawan gidajen nan malamin makarantar mutum ɗaya ne, wato uwa. Ita ce shugabar makaranta, ita ce malamar lissafi da ta karatu, ita ce mai girki da wanki da jinya, sau da yawa kuma da goyo a hannu. Idan irin wannan mace ta wayi gari ƙarfinta ya ƙare, an saba a nemi laifin a cikin zuciyarta. Ni kuwa a ganina laifin yana wajen rabon kaya. An ɗora aikin jama'a guda a kan mace ɗaya, kuma duk maganin da bai taɓa wannan rabo ba lallashi ne kawai.

Matsalar ba sabuwa ba ce, tare suka taso da harkar kanta. A shekarun 1970 mutane uku ne suka fi yaɗa ra'ayin karatun gida. John Holt tsohon malamin makaranta ne wanda ya yanke ƙauna daga aji, ya fara fitar da mujallarsa a 1977. Raymond Moore da matarsa Dorothy kuwa mabiya ɗarikar Adventist ne, kuma su ne suka fi shiga zukatan Kiristoci, musamman bayan hirarrakin da James Dobson ya yi da Moore a shirinsa na rediyo a farkon shekarun 1980. A 1983 lauya Michael Farris da abokinsa Michael Smith suka kafa ƙungiyar HSLDA don kare iyaye a kotu, zuwa 1993 kuma babu jihar da ta rage ba ta halatta tsarin ba. Abin lura shi ne, tun a 1988, ana tsakiyar fafutukar doka, Moore da matarsa suka wallafa littafi sukutum mai suna Home School Burnout, a kan galabaitar masu koyarwa a gida. Wato waɗanda suka kira mata zuwa wannan aiki su ne na farko da suka ga yana durƙusar da su. Ba za a ce ƙiren ƙaryar maƙiya ba ce.

Ya kamata a bambanta wannan da gajiyar yau da kullum, wadda barcin dare ɗaya yake gusarwa. Herbert Freudenberger ya bayyana yanayin a 1974 bayan ya lura da masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a New York, mutane masu himma da suka koma kamar ba su ba. Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar da ma'auninsa a 1981, da alamomi uku: ƙarewar ƙarfin zuciya, sanyin jiki ga mutanen da ake yi wa hidima, da jin cewa ƙoƙarin mutum ba ya haifar da komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta, amma ta ce ba cuta ba ne, ta kuma taƙaita shi ga wurin aiki. Uwa mai koyarwa a gida ba ta da albashi, ba ta da shugaban da za ta kai wa ƙara, don haka a takarda ba ta cikin lissafi. Isabelle Roskam da Moïra Mikolajczak na jami'ar Louvain a Beljiyam ne suka cike wannan giɓi, suka nuna cewa iyaye ma suna galabaita a matsayinsu na iyaye. Uwa takan ji tun da asuba ba ta da ƙarfin fuskantar yaranta, tana yi musu abin da ya wajaba amma zuciyarta ta yi nisa, tana tuna irin uwar da take a da tana jin kunya. Bincikensu na 2019 tare da James Gross ya danganta wannan hali da tunanin gudu daga gida, da sakaci da yara, da tsananta musu. Saboda haka maganar ta shafi lafiyar yaran kamar yadda ta shafi ta uwar.

Roskam da Mikolajczak suna kallon abin a matsayin ma'auni mai hannu biyu: abubuwan da ke ƙara nauyi a gefe ɗaya, abubuwan da ke rage shi a ɗaya gefen, galabaita kuma tana zuwa idan nauyi ya daɗe yana rinjaye. To a duba abin da ke kan wannan uwa. Malamar makaranta aji ɗaya take riƙewa, tana tashi daga aiki, tana da hutun zango da abokan aikin da za ta yi wa ƙorafi. Uwar gida mai yara huɗu tana koyar da aji huɗu a lokaci guda, ɗaya yana koyon haruffa, wani yana fama da aljabara, ƙaramin yana jan zanenta. Wurin aikinta nan ne wurin hutunta, ba ta da ƙofar da za ta rufe. Galibi gidan yana rayuwa ne da albashin mutum ɗaya, tun da ita ta bar aiki, kuma kuɗin littattafai daga aljihunsu yake fita. A wasu jihohi akwai aikin takardu a kai: Pennsylvania tana buƙatar kwana 180 ko sa'o'i 900 na karatu ga 'yan firamare, da kundin ayyukan yaro da mai tantancewa zai duba kowace shekara, New York kuma tana son rahoto sau huɗu a shekara, alhali a Texas ko sanarwa ba a nema. Sannan ga littattafan kansu. Manhajoji irin su Abeka da BJU Press, waɗanda suka yi fice a gidajen Kiristoci, asali an tsara su ne domin ajujuwan makarantun Kirista masu zaman kansu, inda kowane aji yake da malaminsa. Mace ɗaya ta ce sai ta bi kowane shafi da kowane yaro, ai ta ɗauko wa kanta abin da ba zai yiwu ba. Jennifer Lois, masaniyar zamantakewa a jami'ar Western Washington, ta shafe shekaru tana bibiyar irin waɗannan mata, ta wallafa sakamakon a littafinta na 2013. Ta ga cewa masu ƙoƙarin mayar da gida tamkar makaranta sun fi saurin galabaita, cewa aikin gida da na koyarwa suna cin karo, kuma mazaje da yawa suna yaba tsarin da baki amma ba sa sa hannu.

Duk wannan ya shafi kowace uwa mai koyarwa a gida, ko mai addini ko marar addini. Abin da Kirista take ɗauka a kan haka shi ne nauyin kira. A coci-cocin bishara na Amurka an daɗe ana gabatar da karatun gida a matsayin biyayya ga umarnin da ke cikin Maimaitawar Shari'a sura 6 na koya wa yara maganar Allah a kowane lokaci. Littafin Mary Pride na 1985 ya ƙara wa wannan ƙarfi, ya haɗa zaman mace a gida da yawan haihuwa da koyar da yara a matsayin hanya guda ta ibada. Idan aka ɗauki abu haka, rashin fahimtar lissafi ya wuce matsalar lissafi, ya zama alamar cewa uwa ta gaza a gaban Allah, kuma taurin kan yaro ɗan shekara goma sha huɗu ya zama tambaya a kan ceton ransa. Masu bincike sun nuna cewa son kammala komai ba kuskure yana cikin manyan abubuwan da ke jawo galabaitar iyaye, to ina ga wadda take jin makomar ruhun 'ya'yanta tana hannunta. Mafi muni, ba ta da wurin kuka. Idan ta faɗa wa danginta da suka yi adawa da tsarin tun farko, za su ce dama sun faɗa. Idan ta faɗa wa matan cocinsu, tana tsoron a ce bangaskiyarta ce ta yi rauni. Sai ta yi shiru, ta ci gaba da kallon hotunan gidajen wasu a Instagram, inda yara suke karatu cikin natsuwa kuma babu kwanon da ba a wanke ba.

Akwai masu cewa, cikin kyakkyawar niyya, ai rayuwar Kirista ɗaukar gicciye ce, wahala ba baƙuwa ba ce, abin da uwar take buƙata shi ne ƙarin addu'a da haƙuri. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan raina ta ba. Lois da kanta ta lura cewa mata masu addini da dama sun sami sauƙi ta wajen miƙa sakamakon ga Allah maimakon ɗaukar shi a kansu, kuma wanda ya san dalilin wahalarsa ya fi jurewa. Sai dai Littafi Mai Tsarki da ake kafa hujja da shi bai tsaya a nan ba. A Fitowa sura 18, Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma. Bai ce masa ya ƙara addu'a ba, ya gaya masa cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar, ya ba shi shawarar raba aikin, Musa kuma ya bi. A 1 Sarakuna sura 19, annabi Iliya ya kai ga roƙon mutuwa, abin da aka fara ba shi kuwa barci ne da abinci da ruwa, har sau biyu, kafin wata magana. Macen kirki ta Karin Magana sura 31, wadda ake yawan auna mata da ita, nassin ya ambaci barorinta mata, wato ba ita kaɗai take aikin ba. Umarnin Maimaitawar Shari'a an ba da shi ga Isra'ila gaba ɗaya, a Afisawa sura 6 kuma ubanni ne Bulus ya kira da suna a kan tarbiyyar yara. Ga kuma ranar hutu, wadda doka ce, ta haɗa har da bayi da dabbobi. Ko Susanna Wesley, mahaifiyar John da Charles Wesley, wadda ake yawan kawo misali da ita saboda sa'o'i shida da take koyar da 'ya'yanta kullum a Epworth, akwai mai reno a gidanta. Koyarwar da ta ɗauki ayoyin sadaukarwa ta ba mace, ta ɓoye ayoyin hutu da rabon aiki, ta zaɓi rabin nassi ne, kuma rabin da ya fi yi wa maza daɗi.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa maganin a fili yake: a kai yaran makaranta, magana ta ƙare. Wasu ma sun wuce nan, kamar Elizabeth Bartholet ta jami'ar Harvard, wadda a 2020 ta nemi a hana karatun gida sai ga wanda ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili. Dole a yarda cewa a wasu gidaje makaranta ce amsar, kuma uwar da ta kai yaranta makaranta ba ta yi ridda ba. Duk cocin da ya sa mace ta ji kamar ta yi zunubi saboda haka ya zalunce ta. Amma a ce wannan ne maganin kowa, hujja ba ta goyi baya ba. Iyayen da yaransu ke zuwa makaranta ma suna galabaita. A Agustan 2024 babban jami'in lafiya na Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman a kan damuwar iyaye gaba ɗaya, inda ya kawo cewa kashi 48 cikin ɗari sun ce a yawancin ranaku damuwarsu ta fi ƙarfinsu. Binciken da Roskam da abokan aikinta suka yi a ƙasashe 42, wanda ya fito a 2021, ya fi ban sha'awa: galabaitar iyaye ta fi yawa a ƙasashen Yamma, Amurka da Beljiyam da Poland suna sahun gaba, kuma abin da ya fi bayyana bambancin shi ne al'adar kowa tasa ta fisshe shi, fiye da yawan yara ko sa'o'in da ake yi da su. Mai karatu da ya tashi a babban gida, inda kaka da goggo da maƙwabta duk suke da hannu a renon yaro, zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba. Ashe abin da ke karya uwar kaɗaici ne fiye da darasi. Kuma dalilan da suka sa iyali suka cire yaro daga makaranta, ko cin zali ne, ko yaro mai buƙata ta musamman da aji bai iya da shi ba, ko lamirinsu, ba sa gushewa don uwar ta gaji.

Akwai kuma kasuwa, wadda take da amsar komai. Ana ce wa uwar ta kula da kanta, ta tashi kafin yara ta sha shayi, ta sayi sabon kundin tsara lokaci, ta halarci taron masu karatun gida inda rumfunan sayar da manhajoji suke jere. Hutu na da amfani, amma sa'a ɗaya a ranar Asabar ba ta gyara mako da aka gina a kan abin da ba zai ɗauku ba, kuma tashi da wuri ga wadda barci bai ishe ta ba ƙarin cuta ne.

Abin da ke da tasiri shi ne taɓa ma'aunin nan ta hannu biyu, kuma farkon wanda zai taɓa shi miji ne. Idan ya amince shi ne shugaban gida, kamar yadda yawancin waɗannan coci suke koyarwa, to shugaban makaranta ba ya barin malami ɗaya ya faɗi yana kallo. Ya ɗauki darasi guda ya zama nasa, ko girkin dare, ko kwantar da yara, ya zama abin da aka sani ne ba alfarma ba. Za a ce wasu mazan aiki biyu suke yi don gidan ya tsaya, ko sojoji ne ko direbobin manyan motoci da ba sa kwana a gida. Gaskiya ne, kuma a irin wannan gida sai a rage buri daidai da hannun da ake da su. Nan ne tsofaffin malaman harkar suke da abin cewa. Moore da matarsa sun ba da shawarar kada a matsa wa yaro da karatun littafi kafin shekara 8 zuwa 10, a raba yini tsakanin karatu da aikin hannu da hidima ga wasu. Charlotte Mason, malamar Ingila da ta rasu a 1923, wadda Susan Schaeffer Macaulay ta sake gabatarwa ga Kiristocin Amurka a 1984, ta koyar da gajerun darussa da safe, a bar yara su yi yammaci a waje. Ba dole a yarda da duk ra'ayinsu ba, jinkirin karatu na iya ɓoye matsalar yaron da yake buƙatar gwani tun da wuri. Amma sun yi daidai a babban batu, cewa koyar da yaro ɗaya ko uku ba ya buƙatar sa'o'in da aji mai yara talatin yake ci. Haɗa yara a darasi ɗaya na tarihi ko na Littafi Mai Tsarki, barin manya su yi wasu ayyukan da kansu, ajiye littafin da bai dace ba ko da an biya kuɗinsa, duk rage kaya ne na gaske.

Tsakanin gida zalla da makaranta zalla kuma akwai fili mai faɗi. Akwai ƙungiyoyin haɗin gwiwa inda iyaye suke rarraba darussa, akwai shiri irin Classical Conversations da aka fara a 1997 wanda yake tara yara rana ɗaya a mako, akwai makarantun rabi da rabi da suka samo asali a Texas a farkon shekarun 1990, yaro ya yi kwana biyu ko uku a aji, sauran a gida. Arizona ta buɗe tallafin kuɗin karatu ga kowane yaro a 2022, wasu jihohi sun bi, ko da yake wasu masu karatun gida suna gudunsa don tsoron sa idon gwamnati. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Ƙungiyar haɗin gwiwa da za ta sa uwa ta shirya wa yaran wasu darasi bayan nata na iya zama ƙarin kaya. Kuma mafitar da ta fi sauƙi, wato mayar da babbar 'ya uwa ta biyu, sauke nauyi ne a kan wadda ba ta zaɓi ɗaukarsa ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tashi a manyan gidajen nan sun fito sun yi ƙorafi a kan haka bayan sun girma.

Akwai iyakar da shawarar 'yan'uwa ba ta wucewa. Gajiyar da ba ta tafiya tana iya zama ƙarancin jini, ko matsalar maƙoƙo, ko ciwon damuwa, musamman bayan haihuwa, kuma waɗannan likita suke buƙata. Galabaita takan tsaya ga sha'anin yara da gida, ciwon damuwa kuwa yakan ɗauke ɗanɗanon komai. Amurkawa ba su manta da Andrea Yates ta Houston ba, wadda take koyar da 'ya'yanta a gida, ta kashe su biyar a 2001 cikin tsananin taɓin hankali da ya biyo bayan haihuwa, kotu kuma ta yanke a 2006 cewa ba ta cikin hayyacinta. Nata ba galabaita ba ce, ciwo ne mai tsanani, kuma zalunci ne a shafa wa sauran mata. Na kawo ta ne kawai saboda a gidan da yara ba sa fita kullum, babu malami ko ma'aikaciyar jinyar makaranta da za ta lura an shiga matsala. Uwar da ta fara tunanin cutar da kanta ko yaranta tana buƙatar taimako a ranar, kuma tun Yulin 2022 akwai lambar 988 a duk faɗin Amurka domin haka.

Saura coci, wanda shi ne ya fi kowa bashi a wannan magana. Shi ya yi wa'azin, shi ya yaba wa matan da suka amsa, kuma sau da yawa su ɗin dai yake sake kira su riƙe makarantar Lahadi da girkin taro, saboda wai suna gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wasiƙar Titus ta ɗora wa dattawan mata alhakin tsayawa da matasa, ta Galatiyawa kuma ta umarci masu bi su ɗauki nauyin juna, kuma ma'anar wannan a aikace ita ce wata dattijuwa ta karɓi yaran rabin yini, wani malamin da ya yi ritaya ya ɗauki darasin kimiyya, a buɗe ɗakunan coci da suke rufe daga Litinin zuwa Juma'a. Fastoci su daina auna ibadar mace da yawan abin da ta jure. Su tambayi mazaje a fili wane aiki ne nasu a makarantar gidansu, su kuma faɗa daga kan bagade cewa ganin likita da kai yaro makaranta duk ba zunubi ba ne. Cocin da ba zai yi wannan ba, bai kamata ya ci gaba da kiran mata zuwa ga wannan aiki ba.